Ranar da Aka Haɗa Shayi da Ni a Gada Biyu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, ko ma na so in manta 'yan Gada Biyu ba za su bar ni ba. Har gobe in na ratsa ta layin sai wani marar kunya ya leƙo daga shago ya ce, “Baba Shayi, a ƙaro sukari?” Ni da furfura a gemu. Gara dai in ba da labarin da bakina, don wanda ke yawo a gari an yi masa ƙari da yawa. Ban yi fitsari a wando ba, wannan sharri ne. (Ko da na yi ma, a cikin wannan ruwan wa ya isa ya ba da shaida?)

Ni mai walda ne a Tudun Wada. Sakandare ban gama ba, saboda babanmu ya ce ƙarfinsa na karatun mutum ɗaya ne, kuma mutum ɗayan ba ni ba ne, ƙanina ne. Yau yana Abuja ana ce masa Injiniya, alhali bai taɓa haɗa ƙarfe biyu sun zauna ba. Ni kuwa ina nan ina ƙona idona a kan ƙofofin mutanen da ba sa amsa gaisuwata. A unguwa an san ni da faɗa da baƙar magana. Wuta kullum a hannuna take, tartsatsi na zubo min ko gezau. Abin da ba wanda ya sani, in ban da matata Hajara, shi ne duk duniya ba abin da nake tsoro kamar tsawa.

Abin da asalinsa. Muna yara a Bukuru, babanmu na aikin wankin kuza, aradu ta faɗa wa wani abokin aikinsa a bakin kududdufi, a kan idona. Mutum yana tsaye da kwano a ka, sai haske, sai ga shi a ƙasa hayaƙi na fita daga rigarsa. Ba mutuwar ce ta zauna min a rai ba, yadda aka bar shi ne. Manyan maza suka zagaye shi daga nesa, ba wanda ya miƙa hannu, don an ce wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa nonon saniya, in ba haka ba abin ya tsallako kanka. Yana nan kwance ido a buɗe, ruwa na dukansa, har aka samo nono daga ruga. Daga baya na ji manya na ƙus-ƙus wai ya rantse da aradu a kan ƙarya ne, shi ya sa ta biyo shi. Tun daga ranar, hadari na haɗowa sai in rufe shago in ce injin walda ba ya shiri da ruwa. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba.

To ga abin haushin. Ni kaina bakina ya saba da wannan rantsuwar, a gida na tashi na ji ta. Hajara ta yi faɗa har ta gaji, ta ce musulmi da Allah yake rantsuwa, wannan maganar arna ce. Sai na yi wa kaina tsari. Da rani in rantse yadda na ga dama: aradu ƙarfen nan mai kauri ne, aradu jibi ƙofarka za ta fito. Da na ga damina ta matso sai in ɗinke bakina. A tunanina kafin ruwa ya sauka ta manta da ni, ko ba komai waɗanda ke gabana a layi suna da yawa. Shekaru ina haka, lafiya lau.

Sai ga shekarar nan ta zafi. Jos fa, garin da baƙo ke zuwa ya nemi bargo, sai ga mu muna kwana ƙofa a buɗe muna fifita da kwali. Ƙarfen da na ajiye a rana ba ya taɓuwa sai da tsumma. Rediyo kullum labarin ɗaya ne, a Sakkwato da Maiduguri mutane na sumewa a kan hanya, can kudu kuma wai ruwa ya fara cin gidaje. Ƙasa ɗaya, wasu na gasuwa wasu na nutsewa. Lokacin ruwan farko ya zo ya wuce, sama fara fat kamar an goge ta. An yi roƙon ruwa, shiru. Ni har na saki jiki, na ce bana rani ya ƙara wa'adi, bakina ma ya ƙara.

A cikin wannan zafin maganar auren Habibu ta taso. Habibu ɗan yayana ne marigayi, a hannuna ya tashi (Injiniya kuwa yana aiko masa da gaisuwa duk sallah). Yaro ne mai shiru, yana zama a shagon kayan gyaran mota na wani Oga Chidi, wanda ya yi alkawarin zai sallame shi ya buɗe nasa. Ya taɓa neman wata, iyayenta suka ce ba sa ba yaron shago 'ya. Wannan abin ya daɗe yana cin sa, ni ma ya ci ni. Sai ya haɗu da Rukayya 'yar Gada Biyu, ya dawo mutum, har dariya yake yi. Aka sa ranar zuwa neman aure. Dangi suka ce Injiniya ne zai jagoranta tunda shi ya iya magana da manya. Ana gobe ya bugo waya wai taro ya riƙe shi. Nan aka tuna akwai ni.

Habibu ya same ni a shago ya durƙusa. Ya ce baffan yarinyar, Malam Yahuza, tsohon hedimasta ne, mutum ne mai bin magana dalla-dalla. “Baffa, don Allah a bi shi a hankali. In wannan ma ta kuɓuce min ban san yadda zan yi ba.” Na ce ya tashi ya ba ni wuri, ni zai koya wa magana?

Na tafi da abokina Iro tela, shi ya ara min babbar riga, wata shadda mai nauyi da mai ita bai zo ya karɓa ba. Na kafa jar dara a kai. Habibu ya kai mu a keke-napep ɗin abokinsa bayan la'asar, ya tsaya a bakin titi, tunda mai neman aure ba ya shiga wurin maganar aurensa. Layin gangare ne, daga titi yake sauka har bakin rafi. A tsakiyarsa wani babban lambatu ya ratsa, zurfinsa ya fi tsayin mutum, an jera katakai a kai ana takawa. Da muka taka na ce wa Iro ji wannan ganganci, wurin da ke son ƙarfe an sa masa katako. Kana tsallakewa akwai shagon wata Madam Ngozi a kan dutse, da dogon dakali mai rumfa. Gidan su Rukayya yana can ƙasa, kusan na ƙarshe.

Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Zafi kamar cikin tanda, gumi na bi ta bayana yana taruwa inda ba zan faɗa ba. Malam Yahuza dogo ne siriri da tabarau, in zai yi magana sai ya auna ta kamar mai sayar da magani. Muka gaisa, muka ajiye goro da alawa, Iro ya yi bayanin abin da ke tafe da mu. Malam ya tambayi asali, na faɗa. Ya tambayi sallar yaro da abokansa, na faɗa, duk gaskiya. Sai ya gyara zama ya ce, “Shagon nan da yake zama, nasa ne ko na ubangidansa?”

Wallahi sai da na leƙa ta ƙofar zaure na dubi sama. Ba ko ɗigon gajimare. Na tuna yadda Habibu ya daina cin abinci wancan karon. Na ce, “Aradu nasa ne.”

Iro ya mintsine ni a cinya. Malam Yahuza ya cire tabarau ya goge a hankali, ya ce, “Malam, da ka ce i ma ya wadatar. Mu nan ba ma rantsuwa da wannan.” Ta bayan labulen ƙofar shiga cikin gida na ji wani tari na tsufa. Ashe kakar yarinyar ce, Iya, ta kafa kujera tana sauraro.

Ba a ƙara wata doguwar magana ba iska ta kaɗa labulen. Iska mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Iro ya ce alhamdulillahi, Malam ya ce alhamdulillahi, ni kuwa na sake leƙa ƙofa. Wanda bai zauna Jos ba bai san yadda hadarin garin nan yake ba. Ba ya sallama. Ta bayan duwatsu yake laɓewa, kafin ka ɗaga kai ya rufe gari. Zauren ya yi duhu kamar magariba. Can nesa na ji wani gurnani, a ƙasan cikina na ji shi kafin kunnena.

Abin da ya fara faɗo min shi ne hular kaina ja ce, kuma tun muna yara ake cewa ja na kiran aradu. Na tuɓe ta a gaban surukai na zauna a kanta. Malam ya dube ni, na ce zafi. (A lokacin kowa ya fara jan riga don sanyi.) Na kashe waya. Na zaro makullan shagona, ƙarafa ne ai, na tura su a hankali ƙarƙashin cinyar Iro. Allah ya yafe min, abokina ne tun ƙuruciya. Malam yana cewa za su yi shawara a cikin gida su aiko mana da amsa, ni kuwa ina lissafin ko aradu na iya gane mutum ta cikin kwanon rufi.

Sai ƙanƙara ta sauko. A kan kwanon zauren kamar ana juye tifar tsakuwa, ba mai jin maganar wani. Bayanta ruwa, irin wanda ba a ganin gidan da ke kallonka. Duk walƙiyar da aka yi sai na ga fuskar mutumin Bukuru, ido a buɗe. Kowace tsawa ta fi ta baya matsowa. A raina na ce layi take bi gida-gida tana tambaya.

Ruwan bai shigo ta ƙofar waje ba, ta cikin gida ya ɓullo. Labulen ya ɗago, sai ga jan ruwa ya malalo kan tabarma ɗauke da takalmin yaro da murfin tukunya. Rafi ne ya cika ya haura ta baya. Mata suka fara salati, ana fitowa da yara a kafaɗa, wani saurayi ya goyo Iya. Malam Yahuza ya miƙe ya ce kowa ya fita, a hau dakalin Madam Ngozi, kar wanda ya tsaya ɗaukar kaya. Kowa ya fita. Ni na ce zan tsaya in kula da goro.

Ku gane halin da nake ciki. A ciki ruwa ya kai min ƙwauri, yana ja kamar hannu, kuma ina jin katangar baya tana wani irin nishi. Na san yadda ginin ƙasa ke yi in ya sha ruwa, ba ya faɗuwa a hankali, zama yake yi a kan mutum. A waje kuma ga fili, ba komai tsakanina da sama. Na tsaya ina zaɓen wadda za ta kashe ni. Iro ya dawo ya zage ni ta uwa ta uba, ya kama wuyan rigar (ina jin rigar yake ceto, ba ni ba) ya fizgo ni waje.

Na lulluɓe kaina da hannun babbar riga, na duƙa ina tafiya kamar mai neman allura, wai don in rage tsawo. Ruwa na gangarowa ta layin yana dukan ƙafata. Iro ya sake ni ya yi gaba ya haye dakali. Saura kaɗan in kai, duniya ta yi fari.

Ban ji ƙara ba, a ƙirjina na ji ta, kamar an buga min ƙofar ƙarfe. Warin ƙuna ya cika min hanci, wari irin na shagona in waya ta kama. Na samu kaina a ƙasa, kwance a kan gefe, kunci a cikin laka. Ba na gani sai wani kore-kore, ba na ji sai ƙugi. Na ce shi ke nan, ta same ni, ashe ba ta mantuwa. Na yi kalmar shahada. Na tuna Hajara, na tuna ko sallama ban yi mata da kyau ba, faɗa na yi mata a kan gugar wando. Na kwanta ina jiran mala'iku.

Maimakon mala'iku sai na ji muryar Iro. “Kar wanda ya taɓa shi. Aradu ce. A nemo nono.”

Ji na dawowa, gani ma ya dawo. Ta gefen ido na hango falwayar lantarki da ke tsallaken layi ta tsage biyu tana hayaƙi. Ita aradu ta faɗa wa. Na motsa babban yatsan ƙafata, ya motsa. Na motsa ɗayan. Na haɗiye yawu, ya wuce. Ba abin da ya same ni. Tsoro ne kawai ya ɗauke ni ya buga da ƙasa.

Da mai hankali ne, a nan zai miƙe. Amma jama'a sun cika dakali, maza da mata da surukai, kowa ni yake kallo, wasu har sun fara kuka. Na ce bari in ɗan jira in ga yadda zan tashi da mutunci. Kuma gaskiya sama na ci gaba da tsagewa, kwanciyar ta fi min tsayuwa.

Ina jin su. Malam Yahuza na cewa wannan camfi ne, a ɗauko bawan Allah kafin ruwa ya tafi da shi. Yana faɗa yana maimaitawa, amma ban ga ƙafarsa ta sauko daga dakali ba. Iya ta ce duk wanda ya taɓa ni ba da yawunta ba. Aka ce ina za a samu nono a wannan ruwan. Sai Madam Ngozi ta ce tana da madarar gwangwani. Iro ya ce a'a, nonon saniya aka ce. Ta ce, “Oga Tela, duba jikin gwangwani. Wannan ba saniya ba ne? Ga hoton shi.” Aka tsaya ana musu a kaina ko hoton saniya ya isa, ruwa kuwa ya kai min kunnen ƙasa, yana shiga yana fita. Iya ce ta raba gardama, ta ce lalura ce, a zuba.

Ba wanda ya yarda ya matso. Suka farfasa gwangwanaye suka juye a bokiti, da abin bai yi yawa ba Madam ta ƙara madarar gari ta dama da ruwan indararo. Daga kan dakali aka watso min. Na farko ya sauka a ƙeya, na biyu a fuska. Madara ta bi gemuna, ta shiga hanci, ta gangara cikin jan ruwan da nake kwance a ciki, wuri ya koma kalar shayi mai kauri. Na runtse ido na daure.

A nan ne na ji maganar da ta fi tsawar. Muryar Iya ce, a sama take magana irin ta masu nauyin kunne. “Ɗazu a zaure ya rantse da ita a kan shagon yaron. Da kunnena na ji. To ga shi nan.” Wata ta ce ashe ƙarya suka zo da ita. Wata ta ce Allah ya rufa wa Rukayya asiri.

Sai na gane ramin da na shiga. In na ci gaba da kwanciya, ni ne mutumin da aradu ta tona, auren Habibu ya mutu a nan cikin laka. In na tashi, ni ne ƙaton da ya faɗi ba abin da ya taɓa shi, ya kwanta aka yi masa wanka da madara yana ji. Ina cikin auna wanne ya fi sauƙi, wani abu ya bugi gwiwata ya wuce. Katako ne. Wani ya biyo shi. Na gane su, su ne na kan lambatu. Na ɗan ɗaga ido sama da layin. Lambatun ya cika ya batse, ruwa ya shafe shi, ba ka cewa akwai rami a wurin. Shimfiɗa ɗaya ce ja tun daga can har nan.

Kuma ga Habibu yana gangarowa da gudu.

Wani ne ya kira shi a waya ya ce baffansa ya faɗi. Ya yar da takalma, ruwa na dukansa, idonsa a kaina kawai. 'Yan dakali suka hango shi suka hau ɗaga hannu suna ihu ya tsaya, shi kuwa ya ɗauka kiransa suke ya yi sauri. Ya san akwai katakai a wurin, ɗazu ya ga mun taka. Na san ƙarfin ruwan nan, na ji shi a ƙafata a inda bai kai gwiwa ba. Wanda ya faɗa lambatun nan sai dai a neme shi a ƙarƙashin gada, in an same shi. Yaron da na yi wa kaciya, na kai makaranta a kan kafaɗa. Duk tsoron da na ji a ranar, na zaure da na fili, bai kai rabin wannan ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji dai muryata, wadda nake yi wa masu taurin bashi, ta fita gaba ɗaya. “Habibu, tsaya nan! Ba katako! Lafiyata ƙalau, don ubanka tsaya!”

Ya ja birki a bakin ramin, har ƙafa ɗaya ta zame ya zauna daɓas ya ja da baya. A dakali kuwa gawa ta tashi fara fat tana zagi. Mata suka watse cikin shago, Madam Ngozi ta kira sunan Yesu, Iro ya haye buhun shinkafa.

Na tako na hau dakalin, kowa na matsawa. Malam Yahuza ya dube ni ta cikin jiƙaƙƙen tabarau ya ce, “Malam, ba ta taɓa ka ba?” Na dubi Habibu can tsallake, zaune cikin ruwa, da ransa. Na ce, “Ko kusa. Falwaya ta faɗa wa. Ni tsoro ne ya kayar da ni. Tun ina yaro nake tsoron tsawa, in ana yi ƙarƙashin gado nake shiga, a tambayi matata.” A gaban mata na faɗi wannan, da yara, da yarinyar da muka zo nema, tana laɓe bayan uwarta tana cizon mayafi.

Iya ba ta yarda ba. Ta kama hannuna ta juya, ta ce to wannan ƙunar fa? Hannun mai walda ai duk tabo ne. Na ce tsoho ne. Ta ce a ga sauran jikin. Haka na tuɓe babbar riga na tsaya daga ni sai singileti mai huji, ina rawar sanyi, ina bin tabo ɗaya-ɗaya ina ba da tarihinsa: wannan ƙofar makaranta ce, wannan tankin ruwa, wannan Hajara ce da man suya. Tsohuwa na dannawa da yatsa tana jin ko sabo ne. Da ta gama ta ce, “Ba aradu ba ce. Ragon namiji ne kawai.” Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Sai wani daga baya ya ce saura sukari da burodi, dakali ya fashe da dariya. Ana cikin dariyar muka ji wani gum daga ƙasa. Katangar zauren ce ta zauna, daidai inda na ce zan tsaya gadin goro. Dariyar ta tsaya.

Ba a rasa rai a layin ba, sai awaki da kaya. A wasu unguwannin na bakin rafi abin bai zo da sauƙi haka ba, mun je jana'iza washegari. Habibu ya kwashe kwanaki yana zuwa gidan da shebur, shi da abokansa, suna kwashe laka. Ni ban koma ba. Ƙofar ƙarfe dai na haɗa na aika musu, da wasu ƙarafa na kan lambatu, ban jira an roƙe ni ba.

An ba shi Rukayya. Ranar ɗaurin aure Injiniya ya iso da mota mai sanyi ya karɓi wakilci, ni aka ba ni rabon goro. Bayan an shafa fatiha Malam Yahuza ya ja ni gefe. Ya ce tun zuwan Habibu na farko yaron ya faɗa musu da bakinsa cewa shagon na ubangidansa ne, kuma ba su ga aibu a ciki ba. Tambayar da ya yi min, so yake ya ji irin gidan da 'yarsu za ta shiga. Na ce to me ya ji? Ya ce, “A zaure ban ji abin kirki ba. A layi na ji.” Ya gyara tabarau ya ƙara da cewa in an haihu, don Allah kar a kawo min yaron koyon magana.

Wato duk wahalar nan a banza na sha ta. Iro bai yafe min makullan ba, mai shadda bai yafe wa Iro ba, don warin madara ya ƙi fita. Hajara kuwa da na ba ta labari, washegari da safe sai ta ajiye min shayi ta tambaya ko in sha ko in shiga.

Abin da na koya ba shi da yawa. Tsoron tsawa yana nan, ko jiya da aka yi hadari a ƙarƙashin teburin walda na ƙare, sai dai yanzu ba na cewa injin nake dubawa. Jar hula na bayar. Rantsuwa kuwa na daina, rani da damina, don yadda garin nan ya koma ba wanda ya san ranar da rani ke ƙarewa. In ka tambaye ni yaushe ƙofarka za ta fito, zan ce maka ban sani ba. In kuma shagon wani ka tambaya, ga shi can, je ka tambaye shi da kanka.